Ƙananan Sojojin Dalma da Tarihin Mazan Jiya

 

A wanga karo shafinmu na tarihi zai taɓo wata magana wadda, in an ji ta da fari, sai a ce wasan yara ne. Maganar ƙananan sojoji ce, irin waɗanda Turawa ke zubawa da dalma ko roba, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba, sannan babban mutum da furfurarshi shi zauna kwana da kwanaki shina shafa musu fenti. Mun san wani dattijo zai ce, mi ya haɗa mu da wannan, ga gonaki suna jiran hannu? To, a yi haƙuri a kai ƙarshe. Cikin waɗanga ƴan sojoji akwai masu baƙar fata da jar dara, kuma kakanninmu ake nufi da su. Abin da ya taɓa hanci kuwa, ido ruwa shike yi.

ASALIN ABIN

Ba jiya anka fara ba. A ƙasar Masar, a garin Asyut, masu tonon kayan tarihi sun buɗe kabarin wani hakimi mai suna Mesehti, wanda ya yi zamani wajen shekara 2000 kafin haihuwar Annabi Isa, wato yau shekara 4000 ke nan. Cikin kayan da anka binne shi da su an iske runduna biyu ta ƙananan dakaru, an sassaƙa su da icce, an shafa musu launi. Ta fari mutum 40 ne, Misirawa, kowa da mashinshi da garkuwa, garkuwar kuma an yi mata dabbare-dabbare irin na fatar saniya. Ta biyu ma mutum 40 ne, amma baƙaƙe ne ƴan ƙasar Nuba, wadda ta haɗa kudancin Masar da arewacin Sudan ta yau, kowa da baka a hannu guda, kibau a hannu guda. Masassaƙin bai yi su tsawo ɗaya ba, akwai dogo akwai gajere, kamar yadda mutane suke in sun jeru. Ke nan tun farkon abin, rabin rundunar baƙar fata ne masu yi wa wani mai mulki yaƙi. A riƙe wannan.

A Turai abin ya daɗe a hannun sarakuna. Sarkin Faransa Luwi na 14, tun shina yaro, an ƙera mashi runduna ta azurfa don shi koyi jera mayaƙa. Ɗan talaka bai samu nashi ba sai a ƙarni na 18, lokacin da maƙeran kuza na birnin Nurembag, a Jamus, irin su gidan Hilpert, sunka kama sana'ar. Ga yadda suke yi. Su samu allon dutse biyu masu laushi, su sassaƙa gefen soja guda a ɗaya, ɗaya gefen a ɗayan, su haɗa su baki da baki, su zuba narkakken kuza gauraye da dalma. In ya huce an buɗe, sai ga soja fale-fale kamar kwabo, shina tsaye bisa ɗan gindi. A 1839 wani mai suna Ernst Heinrichsen ya buɗe nashi gidan zubi a wanga birni, kuma awon da ya bi, wajen milimita 30 ga sojan ƙasa, shi ne ya zama awon da sauran maƙera sunka yi koyi da shi. Bisa sikeli ake sayar da su, a cikin ƴan akwatunan icce, kamar yadda ake auna gishiri. Fenti kuwa mata ne ke yin shi a gidajensu, ana biyan su gwargwadon abin da sunka gama.

Mutanen Paris sunka ce su ba su son fale-fale, sai cikakken mutum mai gaba da baya. Gidan Lucotte da gidan CBG, wanda anka kafa a 1825 kuma daga baya ya zama CBG Mignot, su ne sunka shahara da wannan. Sai dai cikakken soja shina cin dalma, saboda haka shina da tsada. Maganin tsadar daga Landan ya fito. A 1893 gidan William Britain ya fito da wata dabara: a zuba narkakkiyar dalma cikin mazubi, a ɗan jira kaɗan har wadda ta taɓa jikin mazubin ta daskare, sai a juye sauran ta wata ƴar kafa tun ba ta huce ba. Soja shi fito cikinshi fayau kamar ƙwarya. Dalmar da ke yin guda a da, yanzu ta yi da yawa. Tsawon nasu milimita 54 ne, kuma har gobe masu wagga sana'a suna riƙe da wanga awo.

DAGA WASAN YARA ZUWA AIKIN MANYA

Manyan soja ba su ɗauki jera ƙananan runduna bisa tebur abin wasa ba. A 1824 wani hafsan Furusiya, ƙasar da daga baya ta haɗa kan Jamus, mai suna Reisswitz, ya nuna wa shugabannin sojan ƙasarsu wani wasan yaƙi da ake yi bisa taswira, da ƴan gutsattsarin dalma ja da shuɗi a madadin runduna. Sunka karɓe shi ya zama darasi ga hafsoshi. Da Furusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870, sauran ƙasashe sunka yi ta kwaikwayo. A Ingila kuma marubucin nan H. G. Wells ya fitar da littafin ƙa'idojin wasa da sojojin dalma a 1913, shekara guda kafin yaƙin gaske shi ɓarke shi cinye ɗiyan mutane.

Bayan yaƙin duniya na biyu roba ta shigo. Ita ba ta da tsada, kuma an gane dalma guba ce ga yaron da ke sa ta a baki, har gidan Britain ya bar zubin dalma irin na da a 1966. Kamfanin Airfix na Ingila ya riƙa cika kwali guda da ƙananan sojojin roba wajen 40 ko fiye. A Faransa, a 1963, gidan Historex ya fito da sojojin zamanin Napoleyon gunduwa-gunduwa, kai daban, hannu daban, bindiga daban, mai saye shi haɗa da kanshi. A 1968 kamfanin Tamiya na Japan ya shigo da nashi na yaƙin duniya na biyu. Daga nan yara sunka rage, manya sunka gaje wurin, abin ya koma aikin haƙuri da binciken tarihi.

Kowane soja da awonshi. In an ce kashi 1 cikin 35, ana nufin an raba tsawon mutum gida 35 an ɗauki guda. Namiji mai mita 1 da santimita 75 sai shi koma santimita 5. In kashi 1 cikin 72 ne, sai shi koma ƙasa da santimita 2 da rabi, kamar gaɓar yatsa. Ba jikin kaɗai ake ragewa ba. Bindiga, gora, maɓalli da igiyar takalmi duk da wanga lissafi ake rage su, in ba haka ba sai a ga soja riƙe da bindiga kamar taɓarya. A garin Kulmbak na Jamus akwai wata tsohuwar fada da anka mai da gidan tarihi, an tara sojojin kuza da sauran ƴan mutum-mutumi sama da 300,000 a ciki.

YADDA AKE HAƊAWA DA SHAFA LAUNI

Mai wagga sana'a ba da wuƙa shike farawa ba, da tambaya shike farawa. Wane soja ne? Wace runduna? Wace shekara, rani ko damina? Don kayan soja suna sakewa, hular 1914 ba ita ce ta 1916 ba. Sai ya binciki hotuna da littattafai da kayan da ke gidajen tarihi, ya tabbatar, sannan shi buɗe kwali.

Da fari shi yanke gaɓoɓin daga jikin sandar robar da sunka zo maƙale da ita. Kowace gaɓa tana da ɗan layi siriri inda bakin mazubi biyu sunka haɗu, sai shi kankare shi da reza, shi goge da ƙaramin magagari. Shi gwada haɗuwarsu tun bai sa gam ba. In ya manna, inda duk ya bar kafa, kamar tsakanin kafaɗa da hannu, shi cike da wani irin danƙo mai daskarewa. Ƙananan abubuwa da hantsaki ake ɗaukar su, don yatsa ya yi musu girma. Gwanaye ba su tsayawa ga abin da kamfani ya ba su. Sukan cire kan wannan su ɗora ga wancan, su lanƙwasa hannu, su yanka maratayin bindiga daga siririn gwangwani, har sojan da babu irinshi a kanti shi fito.

In an gama haɗi, a wanke shi da ruwan sabulu don maiƙon hannu shi fita, a bar shi shi bushe, a shafa fenti na fari, fari ko toka-toka ko baƙi, wanda zai kama jikin robar shi riƙe sauran launuka. Fentin iri uku ne: akwai na mai irin na masu zanen hoto, wanda ke jinkirin bushewa amma shina gaurayuwa da kyau, akwai na ƴan gwangwani mai wari, akwai kuma na ruwa mai bushewa nan da nan, shi ne ya fi yawa a yau. Ba a lafta shi. A tsinka shi, a shafa sau biyu ko uku, don kada shi cike maɓallai da ƙuraren tufa. Buroshin kuwa bakinshi kamar tsinin allura.

Ga inda gwaninta take. Babban mutum in ya tsaya a rana, inuwa da kanta take kwanciya ƙarƙashin haɓarshi da cikin naɗin rigarshi. Ɗan soja mai santimita 5 ba shi da zurfin da zai yi wagga inuwa, sai mai fenti ya zana mashi ita. Saboda haka kowane launi gida uku ake yin shi, na tsakiya, da mai duhu don lunguna, da mai haske don tudu, kamar kafaɗa, gwiwa da doron hanci. Da yawa daga fuska suke farawa, don in fuska ta ɓaci sauran aikin banza ne. Ido kuwa ɗigo ne wanda bai kai ƙwayar gero ba, in ya karkace kaɗan sai soja shi fito da harara garke. Daga ƙarshe a sa mashi ƙura a takalmi, a koɗar da gwiwar wando, don wanda ya kwana cikin rami ba shi kama da wanda ya fito fareti. A shafa mai kashe ƙyalli, a dasa shi bisa ɗan katako da yashi ko laka. Soja guda shikan ci mako, wani ma wata. A ƴan shekarun nan har an samu injin da ke fitar da soja daga zanen kwamfuta, amma fenti har yanzu sai hannu.

SOJOJIN DA ANKA KWASHE DAGA BISA TEBUR

Wanda ke ganin duk wannan wasa ne, shi saurari labarin kyaftin William Siborne. Ran 18 ga Yuni 1815 anka gwabza yaƙin Watalu a ƙasar Beljiyam ta yau, inda anka karya Napoleyon. Ingilishi da abokansu suna ƙarƙashin Wellington, kuma da yamma rundunar Furusiya ta Blücher ta iso ta afka wa Faransawa daga gefe. A 1830 hukumar sojan Ingila ta sa Siborne shi gina filin wanga yaƙi a ƙanƙance. Mutumin ya ɗauki aikin da gaske. Ya tafi ya zauna wata 8 a filin shina awon tudu da kwari. Ya rubuta wa hafsoshin da sunka halarci yaƙin, ya samu amsoshi ɗaruruwa, kowa ya faɗi inda rundunarshi take da misalin ƙarfe 7 na yamma. A 1838 ya gama, da ƙananan sojojin kuza wajen 70,000, aka buɗe wa jama'a a Landan.

Sai ga matsala. Bincikenshi ya nuna a wanga lokaci Furusiyawa sun riga sun cika gefen filin, shi kuwa ya jera su yadda ya samu. Wellington da mutanenshi ba su ji daɗin haka ba, don labarin da Ingila ta saba ji shi ne nasarar tata ce. Gwamnati ta janye hannunta daga biyan kuɗin aikin, bashi ya hau kan Siborne. Daga baya da hannunshi ya kwashe mafi yawan Furusiyawan daga bisa teburin. Ya mutu a 1849 bai warke daga bashin ba. Teburin shina nan a gidan tarihin soja na Landan. Abin lura, ba wanda ya ƙona takarda ko ya kashe shaida. Ƴan sojojin kuza kawai anka ɗauke, amma duk wanda ya zo kallo bayan nan, wani yaƙi ya gani daban da wanda anka yi.

MAI JAR DARA

Yanzu mu zo gida. Ran 21 ga Yuli 1857, bisa roƙon Faidherbe, gwamnan Senegal, sarkin Faransa Napoleyon na 3 ya sa hannu ga dokar kafa sojan baƙar fata, waɗanda anka kira tirailleurs sénégalais. Sunan Senegal ya bi su har ƙarshe, ko da mutum Bambara ne, ko Mosi, ko Bazabarme, ko Bahaushe. Alamarsu jar dara da jar ɗamara.

Gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci: jar dara da wuta ta shigo ƙasarmu. A 1899 su ne ke bayan Voulet da Chanoine lokacin da sunka faɗa wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, a watan Afrilu, sunka yi ɓarnar Birnin Ƙonni a watan Mayu, sunka bi garuruwa suna ƙonawa. Ran 14 ga Yuli Voulet ya sa anka harbe kanar Klobb a Ɗankori, kuma cikin kwana 3 sojojin nasu sunka juya sunka kashe su duka biyu a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta ci gaba, ta karya mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen Yuli, Sarki Amadu Kuran Daga ya rasa ranshi bayan ƴan makwanni. Wanda zai yi ɗan sojan 1899, to shi san abin da shike ɗorawa bisa katako.

Bayan ƙasa ta shiga hannu, sai ɗiyanta sunka shiga kakin. A yaƙin 1914 zuwa 1918 Faransa ta ɗebi mutum wajen 200,000 daga ƙasashen baƙar fata da take mulki, wajen 30,000 ba su dawo ba. A 1918 kaɗai, yawon da Blaise Diagne ya yi ya tara sama da 70,000. A 1919 aka mai da ɗibar soja ta kowace shekara, aikin shekara 3. Kason Nijar bai kai na ƙasashen da ake kira Mali da Burkina Faso a yau ba, amma dattawa sun ba mu labarin yadda samari ke tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi in an ji masu ɗiba sun taso. Can ma kakin na jira. Tun 1863 Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, kuma jikokin wagga runduna ne sunka yi yaƙin Bama da Japan daga 1943 zuwa 1945.

Mai son yin ɗan sojan nan daidai, ga abin da zai kiyaye. Na 1914 shuɗin kaya mai duhu gare shi, da jar dara, da naɗin ƙwauri. Da anka ga ja tana kiran harsashi, sai aka rufe ta, kayan kuma sunka koma kaki daga 1915. A wagga shekara hular ƙarfe ta Adrian ta fito, ta sojan mulkin mallaka tana da alamar ƙugiyar jirgin ruwa a goshi. Bindiga ko dai Lebel ta 1886 mai cin harsashi 8, ko Berthier ta 1907 mai cin 3, wadda don su anka ƙera ta. A ƙugu ga banati, ga adda cikin kube, wadda suke kira kupkup. Da waɗanga kaya sunka shiga Dardanel a 1915, sunka taimaka wajen ƙwato ganuwar Duwomon a Oktoba 1916, sunka zuba dubbai a Chemin des Dames cikin sanyin Afrilu 1917, sunka tsare birnin Reims a 1918. Na 1944 kuwa kayan Amurka ne a jikinshi tun daga sama har ƙasa.

Gidajen zubi na Faransa, irin su Mignot da Quiralu, sun yi sojan jar dara, yaran Faransa sun yi wasa da shi. Amma a dubi fuskar da ake ba shi a wancan zamani: baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, jan leɓe, fararen haƙora. Ita ce fuskar da kamfanin Banania ya ɗora bisa gwangwanin garin kokonshi tun 1915, ƙaton yaro mai dariya kullum. Gwanayen yau sun san fatar baƙin mutum ba da baƙin fenti ake yin ta ba. Ƙasa-ƙasa ake haɗawa da ja da ɗan shuɗi, wani ya fi wani duhu, wani wankan tarwaɗa. Sai dai ko gwanin da ya fi kowa, in bai san mu ba, ba zai sa zanen Gobirawa ko na Katsinawa ko na Arawa a kunci ba, ba zai rataya laya a damtse ba. Da waɗannan ne uwa ke gane ɗanta.

Abin da anka yi wa teburin Siborne kuwa, an yi wa mazan jiya irinshi da ransu. Rundunar Leclerc da ta taso daga Cadi ta ci Kufra a Maris 1941, mafi yawanta baƙar fata ne, amma kafin a shiga Paris a Agusta 1944 an riga an tsame su daga cikinta. Waɗanda sunka sauka gaɓar Provence ran 15 ga Agusta 1944 sunka ƙwato Tulon, da kaka ta yi sai aka karɓe kayansu aka ba samarin Faransa, aka ce sanyi ne dalili. Kafin nan, a Yuni 1940, Jamusawa sun ware baƙaƙen fursunoni a Chasselay kusa da Liyon sun harbe su, kusan 190 ke kwance a maƙabartar wurin. Ran 1 ga Disamba 1944, a barikin Caroy kusa da Dakar, sojan Faransa ya buɗe wuta ga waɗanda sunka dawo daga bursuna suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 sunka mutu, masu bincike da dama sun ce ɗaruruwa ne, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin da sunanshi, kisan gilla. Dokar Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashenmu, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai a 2011, lokacin da mafi yawan masu shi sun riga mu gidan gaskiya.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba muna cewa kowa shi bar garma shi kama buroshi ba ne. Hukuncin siffanta mai rai kuma na malamai ne, a tambaye su. Darasin da munka ɗauko shi ne na tambayar da mai wagga sana'a ke farawa da ita: wane ne, wace runduna, wace shekara? Bature shina kashe wata guda don kada shi yi kuskuren launin maɓalli. Mu kuwa a gidaje nawa ne za a iya faɗin inda kaka ya yi yaƙi? Sai a ce ya tafi soja, ya dawo da Faransanci da tari, shi ke nan. Waɗanda sunka ga yaƙin Hitila sun ƙare, sai ɗai-ɗai in akwai. Na Indoshin da Aljeriya, tsaran Janar Seyni Kunce, su ma sun tsufa ƙwarai.

Saboda haka muna roƙon kowane gida shi buɗe adaka. Karnen soja, lambar girma, tsohon hoto, takardar fansho, wasiƙa, ko jar darar kanta in gara ta bar ta, kada a yar, kada a ba yara su yi wasa, kada a sayar wa masu yawon sayen tsofaffin kaya. Karnen soja shina ɗauke da lambar mutum, da shekarar da anka ɗauke shi, da rundunarshi, da wuraren da ya taka. Ƴan lakwal da ke hutu su zauna gaban tsofaffi, mata da maza, su rubuta suna da sunan uba da unguwa da abin da anka ji daga bakin mai shi. Ku na birni masu salula, in kun zo gida ku ɗauki hoton takardun, a aje kwafi wurin magatakardan ƙungiya, asalin kuma shi zauna ga masu shi.

Kada kuma a tsaya ga masu kaki. Kafin jar dara akwai dakarun Gobir da na Katsinar Maraɗi, masu baka da kwari da kibiya mai dafi, da warki da garkuwar fata, akwai ƴan bindigar Sarki Tanimun na Damagaram, wanda har igwa anka zuba mashi a birninshi. Da wuya ka same su a kwalin kanti. Amma yaranmu sun iya dokin laka da motar kara tun ba a koya musu ba, maƙeranmu kuma sun san zubi da kakin zuma. Hannu akwai shi. Abin da ke shirin kuɓuce muna shi ne sanin yadda mutanen suke, da sunayensu. In wata rana wani ɗanmu ya tashi jera su, ko bisa katako ko bisa takarda, shi iske mun aje mashi gaskiyar da zai yi aiki da ita, kada a sake kwashe wani daga bisa tebur.

Wanda ke da labari ko takarda shi kawo ta taron wata mai zuwa, ko shi aiko ta hannun mai zuwa gida. Allah shi jiƙan mazan jiya, na fama da na bariki, waɗanda sunka dawo da waɗanda ƙasar wasu ta rufe. Allah shi ba mu damina mai albarka, shi bar zumunci. Wassalam.